Yadda Ake Share Bututun Hayaƙin Murhun Itace da Kula da Shi

Shekarun baya na gina wa goggona murhun laka mai baki biyu a gidansu da ke Rigasa a Kaduna, na sa masa bututun ƙarfe mai faɗin inci biyar da ya huda kwano ya fita sama. Watannin farko har maƙwabta take kira su zo su gani: ɗakin girki babu hayaƙi, ido babu hawaye. Da damina ta yi nisa sai ta aiko a kira ni. Na same ta a tsugune tana fifita wuta da faifai, idanunta jawur.

"Kai ɗan nan, murhun naka ya mutu," in ji ta. "Hayaƙin duk ciki yake dawowa."

Na ce, "Goggo, bai mutu ba, numfashi ne ya gagare shi. Ki yi haƙuri ki bar shi ya huce zuwa gobe da safe."

Washegari da na zare bututun, ramin da ya kamata dunƙulen hannuna ya shige yatsu uku kaɗai suka shiga. Sauran duk kunkunniya ce da wata baƙar kwalta mai ƙyalli, a can sama kuma zanzaro ya gina ɗakunansa a ƙarƙashin hula, wato murfin da ke saman bututun. Tun daga ranar ban ƙara gina wa kowa murhu na tafi ban koya masa shara ba.

Abin da ke taruwa a ciki

Itace ba ya ƙonewa duka. Hayaƙinsa na ɗauke da tururin ruwa da wani maiƙo, in ya haɗu da bangon bututu mai sanyi sai ya daskare ya manne. Turawa na kiran wannan maiƙo kiriyosot, mu a wurin aiki kwalta kawai muke ce masa. Yana zuwa iri uku. Akwai gari mai laushi, wato kunkunniya, da buroshi ke kwashewa nan take. Akwai ɓawo mai ƙarfi da ke ɓantarewa kamar ƙanzo. Sai na ukun, mai santsi da ƙyalli kamar an shafa fenti, wanda buroshi ke zamewa a kansa.

Dukkansu makamashi ne. Ranar da aka hura babbar wuta harshenta ya kai gare su, sai cikin bututun ya kama, kuma zafin irin wannan wuta kan wuce digiri 1,000 a ma'aunin Salshiyas, ga rafta da silin a kusa. Ko gobara ba ta tashi ba, toshewar na dawo da hayaƙi ɗaki tare da iskar nan mai guba, kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, sai dai mai girki ta riƙa jin ciwon kai da jiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, galibi ta hayaƙin girki, ta yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a shekarar 2020. Don gudun wannan aka sa bututun tun farko.

Ma'aunin da nake bi: in kaurin dattin ya kai milimita 3, kusan kaurin tsinken ashana, lokacin shara ya yi.

Kayan aiki

- Buroshin waya mai zagaye, daidai faɗin bututunka. In ka je kasuwar Fanteka da awon bakin bututun, masu walda za su haɗa maka shi da zobe a kowane kai.
- Igiya mai ƙarfi guda biyu, kowacce ta fi bututun tsawo, ko sandar gora, ko siririn fayif ɗin roba na wayarin, wanda ke lanƙwasa ba ya karyewa.
- Tsani mai lafiya, da faffaɗan katako ɗaya na takawa a kan kwano.
- Takunkumi, tabarau, safar hannu, hula da tsofaffin kaya.
- Tocila da ƙaramin madubi.
- Bokitin ƙarfe, ƙaramin shebur, tsintsiya, buhuna da tsummoki.
- Sukundireba, filaya, ƙaramar guduma, da tsohuwar wuƙa ko cokalin birkila na kankara.
- Kwaɓaɓɓiyar laka don liƙe tsaga.
- Mutum na biyu. Wannan ba a sasantawa a kansa. Shi zai riƙe tsani, shi zai ja igiya daga ƙasa.

Matakan aiki

1. Bar murhu ya kwana babu wuta.
Ka faɗa wa uwargida tun jiya, ta yi girkin safe a kan gawayi ko risho a tsakar gida. Toka na ɓoye garwashi fiye da kwana ɗaya, don haka ko ka ga ta yi fari kada ka sa hannu, tona da shebur ka gani. Lokacin da ya fi dacewa shi ne hantsi: raɓa ta bushe a kan kwano, rana kuma ba ta gasa shi ba tukuna. In hadari ya haɗo ko iskar hunturu na kaɗawa da ƙarfi, a ɗaga aikin zuwa wata rana.

2. Kwashe toka, ka killace ɗakin.
Zuba tokar a bokitin ƙarfe, ban da na roba, ka ajiye nesa da itace. In ana tace ruwan toka don miya a gidan, a ware mai kyau yanzu kafin kunkunniya ta zubo mata, domin wadda ta gauraya da kwalta ba ta shiga abinci. A fitar da tukwane, garin tuwo, randar ruwa da duk abin ci. Sai ka toshe bakunan tukunya da ƙofar itace da jiƙaƙƙen buhu. Masu koyo sun fi mantawa da wannan, kuma kunkunniya in ta tashi a ɗaki sai a yi mako ana goge ta a jikin kwanuka.

3. Duba kafin ka fara.
Sa madubi a gindin bututun ka karkata shi sama. In ka hango haske a zagaye, hanya a buɗe take. In ka ga ɗan ɗigon haske ko duhu ɗungurungum, akwai toshewa. Kankari bangon ciki da wuƙa ka ga kaurin abin da irinsa. Ƙwanƙwasa jikin bututun da yatsa: mai tsabta na amsawa da ƙarar ƙarfe, mai datti kuwa sai ka ji dum, har ka ji ɓawo na zubowa a ciki. Wannan dubawar ce za ta gaya maka ko aikin buroshi ne ko sai an kwance bututun gaba ɗaya.

4. Hawa sama.
Kafin ka taka tsani, aika yaro gidajen maƙwabta ya ce za a hau rufi, mata su kimtsa. Haƙƙin maƙwabtaka ne, kuma a unguwanni irin Tudun Wada da Unguwar Sanusi, inda gida ke manne da gida, daga kan kwano tsakar gida huɗu kake gani.

Ɗaga kai ka ga inda wayoyin wutar lantarki suka bi. Kada ka ce ai an ɗauke wuta, ana iya dawo da ita kana riƙe da sandar ƙarfe. A kan kwano, taka layin ƙusoshi kawai, nan ne katako yake a ƙasa, ko ka shimfiɗa faffaɗan katakonka ka bi ta kai. Tsohon kwano mai tsatsa yana ɓurmawa da mutum ba tare da gargaɗi ba. Kada kuma ka dafa bututun ka jingina da shi, ba a kafa shi don ɗaukar nauyin mutum ba.

5. Cire hula ka wanke ta.
Hula ce wuri mafi sanyi, don haka ita ta fi tara kwalta. Kwance ta a hankali, fuskarka a gefe, saboda rina kan yi gida a ciki. Kankare ta, ka goge ragarta da buroshi har ramuka su buɗe. In akwai sheƙar tsuntsu ko ginin zanzaro a bakin bututun, ciro su da hannu ko da lanƙwasasshiyar waya. Kada ka tura su ƙasa, za su je su cushe a gwiwa, wato inda bututun ya lanƙwasa.

6. Sharar kanta.
Hanyar da na fi so ita ce ta igiya biyu. Ɗaura igiya a kowane zobe na buroshi. Ɗaura ƙaramin dutse a bakin igiya ɗaya ka zura ta har ta isa wurin abokin aikinka a ƙasa, ya jawo ta ta gefen buhun da aka toshe. Shi ya ja ƙasa, kai ka ja sama, kamar masu zarto. Kada ku zarce daga sama har ƙasa a ja ɗaya. Ku ɗauki kamu biyu-biyu, ku goge wurin sau biyar ko shida, sannan ku gangara. Za ka ji a hannunka lokacin da wuri ya fita: buroshin ya daina turjewa, ƙararsa ta koma ta ƙarfe a kan ƙarfe. In kun kai ƙasa ku sake dawowa sama sau ɗaya.

Ƙullin igiya shi ne inda ake jin kunya. Na taɓa ganin buroshi ya kwance a tsakiyar dogon bututun gini, aka wuni ana fama, daga ƙarshe sai da aka fasa bulo biyu aka ciro shi. Ƙulla sau biyu, ka ƙara naɗe ƙullin da waya. In kuma sandunan da ake haɗawa da zare kake amfani da su, juya su hannun dama kawai. Juyin hagu na kwance su a ciki.

In babu buroshi, ga abin da nake yi. Ka sami guntun ragar kaji, ka dunƙule ta ta yi ƙwallo daidai bakin bututun, ka sa dutse a tsakiya, ka ɗaure da waya. Tana kankara sosai. Buhun algarara da aka cusa wa tsakuwa da ƙaiƙayi ma yana share kunkunniya mai laushi, sai dai ba ya iya ɓawo. A bututun gini mai faɗi, kamar na gidan burodi, tsohuwar sarƙa da aka ɗaura a igiya ana kaɗa ta tana dukan bango tana karya ɓawo, amma a yi a hankali kada ta ɓantare shafen ciki.

In rufin ba ya hawuwa, ko kai ba ka jure tsayi, yi daga ƙasa. Cire gaɓar farko ta bututun, ka rataya buhu a bakin wanda ya rage, ka huda buhun ka zura fayif ɗin roba mai buroshi a kai, ka riƙa turawa sama. Dattin zai zuba cikin buhun. Aibin wannan hanya ɗaya ne, ba ka ganin hula, don haka ko sau ɗaya a shekara sai an sami wanda zai hau.

7. Gwiwa da wurin da bututu ya kwanta.
Murhun da bututunsa ya fita ta bango yana da gwiwa, kuma nan datti ke kwanciya. Buroshi daga sama ba ya share ta, ƙara cusa mata yake yi. Yi wa gaɓoɓin alama da alli don ka san yadda za ka mayar, kwance su, ka fitar da su waje ka ƙwanƙwasa da katako, ka bi da buroshi. Haka ma ramin da ke tsakanin tukunya ta biyu da gindin bututu a jikin murhun: zura hannu da cokali ka kwashe. Sau da yawa na tarar bututu fes, toshewar tana wannan ɗan lungun.

8. In ka tarar da mai ƙyalli.
A nan sai haƙuri. Sauko da bututun ƙasa ka kankare da wuƙar da aka ɗaura a sanda. Abin da ya ƙi fita, in bututun na siririn ƙarfe ne, shawarata a sayi sabo. Kuɗin gaɓa biyu a Fanteka bai kai kuɗin rafta da bandir ɗin kwano ba.

Abin da nake roƙon kowa ya bari shi ne zuba kananzir ko fetur a cinna wuta wai don ta cinye dattin. Wannan gobara ce mutum ya kira da hannunsa. Masu cewa a watsa gishiri a wuta yana wanke bututu su ma na sha jin su. Ban taɓa buɗe bututun da gishiri ya share ba, abin da yake yi shi ne jawo wa ƙarfe tsatsa. Ruwa ma kada a kwarara a ciki: in ya haɗu da kunkunniya yana cin ƙarfe, yana kuma jiƙa lakar murhu.

9. Gyara kafin ka mayar.
Yanzu da ƙarfe ya fito, haska tocila a ciki ka duba daga waje. Duk inda haske ya ɓullo, huda ce. Danna wuraren tsatsa da sukundireba, in ya lotsa, gaɓar ta gama aiki.

Wajen haɗawa, bakin gaɓar sama shi ke shiga cikin ta ƙasa. Da yawa suna juya shi, suna ganin kamar hayaƙi zai tsere, sai kwalta ta riƙa tsiyayowa ta waje tana wari tana ɓata bango. In an haɗa daidai, cikin bututun take komawa. Kowace mahaɗa a ɗaure ta da ƙusa mai zare guda uku. Wurin da ya kwanta ya ɗan ɗaga kai zuwa waje, kuma gwiwa kada ta wuce biyu.

Duba inda bututu ya ratsa rufi. Bututu mai bango ɗaya yana son tazarar inci 18, wato kusan santimita 45, tsakaninsa da katako ko silin. In wurin ya matse, a sa masa riga, wato bututu mafi faɗi a waje da sarari a tsakani, a kuma kare katakon da farantin ƙarfe. Katakon da ka ga ya yi baƙi ko ya dafe, zafi na isa gare shi, kada a sake hura wuta sai an gyara. Wajen hana yoyo, a yanka kwano a yi wa bututun abin wuya. Faci mai kwalta da ake liƙe rufi da shi narkewa yake in ya taɓa bututu mai zafi.

Tsawo ma a duba. Bakin bututu ya ɗara inda ya huda rufi da ƙafa uku aƙalla, ya kuma fi duk abin da ke kusa da shi cikin ƙafa goma da ƙafa biyu. In maƙwabci ya ɗaga gini ko mangwaro ya yi reshe a kai, iska za ta riƙa danno hayaƙi ƙasa ko da bututun a share yake. Ragar hula ta zama mai ramuka kamar rabin inci. Ragar sauro cikin 'yan kwanaki take toshewa.

Tsagar jikin murhu da gindin bututu a jiƙa ta da ruwa a cusa laka da aka kwaɓa da yashi da 'yar toka. Siminti zalla fashewa yake a wurin wuta.

10. Kwashe, gwada, yi wanka.
Jira ƙura ta lafa kamar minti goma kafin ka cire buhunan. Kwashe dattin ka ƙulle a buhu. Kada a zuba a lambu ko inda kaji da awaki ke kiwo. Toka zalla ce ke da amfani a gona.

Sai gwaji. Murɗa takarda ka kunna a gindin bututun. Harshen wutar ya karkata ciki, hayaƙin ya bi shi. Daga nan hura ƙaramar wuta ka ɗora ɗanyen ganye kaɗan don hayaƙi ya yi kauri, ka bi mahaɗa ɗaya bayan ɗaya da ido. In ka yi sabon liƙi da laka, bar shi ya sha iska kwana ɗaya ko biyu, wutar farko kuma ta zama 'yar kaɗan.

Ka yi wanka da sabulu nan da nan, a wanke kayan aikin daban. Tun 1775 wani likita a Landan, Percivall Pott, ya gano cewa kunkunniyar da ke zama a fatar masu share bututun hayaƙi tana jawo musu ciwon daji. Saboda haka ba na yarda a sa yara wannan aikin, ko da riƙe buhu ne.

Idan bututu ya kama da wuta

Wani gidan burodi da na yi wa aiki ya taɓa gamuwa da wannan da asuba. Ma'aikatan sun ce sun ji ruri kamar jirgin ƙasa na wucewa, bututun ya yi ja yana rawa, tartsatsi na tashi sama. Allah ya taƙaita, rafta uku kawai suka ƙone.

In ka ji irin wannan, fara fitar da kowa. Toshe ƙofar itace da duk inda iska ke shiga da farantin ƙarfe ko bulo, ka watsa yashi a kan wutar cikin murhu. Kira 'yan kwana-kwana ko lambar gaggawa 112 tun wutar ba ta fito ba. A jiƙa rufi da abin da ke kewaye, amma kada a kwara ruwa cikin bututun da ya yi ja, yana iya tsagewa ko tururi ya watso wa mutum. Bayan ta mutu a leƙa cikin silin, a sake leƙawa bayan awa ɗaya. Bokitin yashi a gefen murhu ya zama kayan ɗakin girki kamar muciya.

Itacen da kake sa wa murhu

Duk wanda ya ce mini bututunsa na saurin cika, kafin in hau rufi wurin ajiyar itacensa nake fara zuwa. Ɗanyen itace kusan rabin nauyinsa ruwa ne. Wutar na ɓata ƙarfinta wajen ƙafar da ruwan, hayaƙin ya fita da sanyi, ya kwanta a bango. Abin da ya sami goggo ke nan: itacen watan Agusta take saye ƙulli-ƙulli, wanda ruwan sama ya gama duka a bakin titi.

Busasshen itace ba ya ɓuya. Bakinsa ya tsattsage, ba shi da nauyi, in ka gwara biyu za ka ji ƙara ƙwal. Ɗanye kuwa yana tsuwa a wuta, kumfa na fita ta gindinsa. Marke da ƙirya in sun bushe suna ba da wuta mai zafi da garwashi mai daɗewa. Malaina na saurin ci, ta fi dacewa da tayar da wuta. Ba a fafe gora ranar tafiya: mai hali ya sayi itacen damina tun Fabrairu ko Maris, a faskara, a jera a kan bulo don kada ya taɓa ƙasa, a rufe samansa da tsohon kwano a bar gefe iska na ratsawa. In dole ta sa an sayi jiƙaƙƙe, a jera na gobe a gefen murhu yau, ba a jikin bututu ba, ɗumin zai rage masa ruwa.

A daina tayar da wuta da leda, roba ko guntun taya, a kuma bar katako mai fenti da filawud. Hayaƙinsu guba ne ga mai girki, kuma yana liƙe bango da wuri. Kara, ƙiraruwa da takarda sun isa. Wutar da aka danne tana cin ciki tun safe har yamma ita ce uwar kwalta. Gara 'yar wuta mai harshe da iska ke shiga ta ƙarƙashinta, ana ƙara itace kaɗan-kaɗan. Leƙa waje bayan wuta ta kama: in hayaƙin bakin bututu siriri ne da ƙyar ake ganinsa, lafiya lau. In fari ne mai kauri ko baƙi, a duba itacen ko a ƙara wa wutar iska.

Gidan da ke girki kullum ya sa madubi sau ɗaya a wata. Babbar shara nakan yi ta a Afrilu kafin ruwa ya sauka, in sake a Agusta lokacin da itace ya fi jiƙa, sannan a ƙarshen Oktoba in ruwa ya ɗauke, in duba har da tsatsar da damina ta bari. In azumi, Sallah ko biki na tafe, a duba mako guda kafin a ɗora manyan tukwane. Gidajen burodi, makarantun kwana da masu abincin sayarwa su duba duk mako biyu, su rubuta ranar da alli a bango kusa da murhun.